Geji Sha Biyu ko Ashirin

Mista Nicodemus ya ajiye bindigogi biyu a kan teburin katako, ya buɗe su don kowa ya ga babu harsashi, sannan ya gaya wa Malam Sanda cewa yau sai an zaɓi ɗaya. Shi ne mai horar da ɗalibai harbin faifan yumɓu a wani fili da ke bayan garin McLeansville. Ranar Asabar za a tantance waɗanda za su shiga gasa, kuma Hamsatou, 'yar Malam Sanda, tana cikin masu neman gurbi. Amma tun da aka ba ta aron babbar bindiga harbinta yake ta lalacewa.

Malam Sanda ya sunkuya yana leƙen bakin kowace. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne a geji, wato lambar faɗin bakin bindiga, sha biyu ita ce babba, ashirin kuma ƙarama. Nicodemus ya ce mutanen zamanin da sukan raba laba guda ta darma zuwa ƙwallaye daidai da faɗin bakin bindiga, don haka in ƙwallayen ba su da yawa, bakin mai faɗi ne. Bayanin ya burge Malam Sanda har ya sa aka maimaita masa. Babbar tana watsa ƙwayoyi da yawa, ta fi saurin samun faifai. Ƙaramar ba ta da nauyi, kuma da harsashi mai sauƙi ba ta cika shurin kafaɗa ba.

Shi dai babbar yake so. Mahaifinsa maharbi ne a yankin Dakoro, kuma a gidansu ko riga za a ɗinka wa yaro sai a bar mata faɗi don ya girma a cikinta.

"Alhaji, me kake gani a fuskarta in tana harbi?" in ji Nicodemus.

Malam Sanda ya kawar da kai. Kowane mako shi yake kawo ta, amma sama yake kallo inda fayafayan suke fashewa. Hamsatou 'yar fari ce. Bai taɓa kiran sunanta ba, bai kuma taɓa tsayar da idonsa a fuskarta ba. Haka mahaifinsa ya yi masa kunya, bai kuwa taɓa ɗaukar hakan ƙiyayya ba. Nicodemus bai san da wannan ba. Cewa ya yi shi zai lura da ƙafafunta da bakin bindiga, uban kuma ya tsaya daga gefe ya lura da idanunta, domin lambar da ke jikin ƙarfe ba ta isa ta yanke hukunci ba.

Malam Sanda ya tsaya inda aka nuna masa, yana jin nauyi kamar ya leƙa ɗakin da ba nasa ba. Ashe tana da ɗan tabo a gira, bai san lokacin da ta same shi ba. Ta ɗora kunci a gindin babbar bindiga, ta yi kira, na'ura ta cilla faifai. Tun kafin ta taɓa kunama ta runtse idanu biyu, ta cije haƙora. Faifan ya sauka cikin ciyawa lafiya ƙalau. Na biyun ma haka.

Da aka miƙa mata ƙaramar, idanunta suka tsaya a buɗe suna bin faifai. Ta kuskure na farko. Na gaba ya zama ƙura a sama.

Nicodemus ya tambaye ta wacce take so, ta amsa masa da Turanci cewa sha biyu. Sai ta sunkuyar da kai ta koma Hausa. "Baba, ba ta da zafi fa, zan saba. Ai kai ka ce Kaka bai taɓa ɗaukar ƙaramar bindiga ba."

Ya tuna ya faɗi haka wata rana ana cin tuwo, ba ma da ita yake magana ba. Ya roƙi a ba shi babbar da harsashi ɗaya. Ɗan maharbi ne, amma lakwal, wato makarantar boko, aka sa shi, bai taɓa harbi ba. Nicodemus ya gyara masa tsayuwa, ya sa masa abin toshe kunne. Ya yi bismilla ya ja kunama. Bindigar ta tokare shi har haƙoransa suka haɗu, faifan kuwa ya wuce abinsa. Nicodemus ya yi dariya ya ce wannan faifan zai je gida ya ba 'yan'uwansa labari.

Malam Sanda bai yi dariya ba. Ya dafe kafaɗa yana tunanin makonnin da yarinyar ta yi tana shan wannan duka, sannan ta shigo mota ta ce masa komai lafiya.

"A ba ta ashirin," in ji shi.

Hamsatou ta ce ƙwayoyin ƙaramar ba su da yawa, tana iya rasa gurbi ranar Asabar. Ya ce ya ji, in ta rasa akwai baɗi. Sannan ya tambayi Nicodemus inda iyaye suke zama ranar tantancewa. Aka nuna masa wani benci can bayan layin maharba.

Ya daɗe yana duban bencin.

"Daga can ƙeyarta kawai zan gani," in ji shi. "Babu wani wuri ta gefe?"