Rigar Ruwa a Bayan Kujera

Odell bai iya iyo ba. Wata huɗu ke nan maganar tana cikinsa kamar wanda ya haɗiyi tsakuwa, ga shi a safiyar Asabar ɗin nan zaune cikin wani siririn kwalekwalen roba da ake kira kayak, tsakanin mazauninsa da kogin kuwa bai wuce kaurin ɗan yatsa ba.

Bakinsa ne ya jawo masa. Ranar da ya fara ganin Nadine, a wajen taron suyar kifi na coci, tana juya kifi a cikin mai tana dariya, ta tambaye shi ko ya san ruwa. Ya ce, "Ni da aka haifa a bakin kogi?" Kuma ba ƙarya ba ne, a bakin kogi aka haife shi. Abin da bai faɗa ba shi ne kogin ya ci ƙanen mahaifiyarsa, don haka har ya girma ya zama mai raba wasiƙu a gari, uwar ba ta taɓa barin ruwa ya wuce idon sawunsa ba. Daga baya ya so ya gyara maganar. Sai wata rana Nadine ta ba shi labarin tsohon mijinta, ta ce, "Talauci zan iya zama da shi, munshari ma haka. Amma namiji ya dubi idona ya yi mini ƙarya, ko ƙarama ce, to mun gama." Nan ya mayar da gyaran ciki. Yana sonta irin son da ke sa mutum ya wuce gidan da zai ajiye wasiƙa bai sani ba.

"Kai ɗan birni, ka sake fizgewa!" Nadine ta ɗaga murya daga nata kwalekwalen. "Sau nawa ke nan?"

"Huɗu."

"Biyar. Ina ƙirgawa."

Kifin bas suke nema, mai ƙaton bakin nan da ke laɓewa ƙarƙashin ciyawar da ta rufe gefen kogi. Kwaɗon roba mai ƙugiya biyu ta ɗaura masa a zaren fatsa. Ana jefa shi kan ciyawar ne a riƙa jansa kaɗan-kaɗan, har kifin ya taso ya fasa ruwa da ƙara kamar an jefa bulo. Duk lokacin da haka ta faru sai hannun Odell ya riga shi, kwaɗon ya dawo ya wuce ta gefen kunnensa, kifin ya tafi da bakinsa fayau.

Ta ce, "Idonka ne ke cutar ka. Rabu da abin da ka gani. Bari sai ka ji nauyinsa a hannunka, sannan ka ɗaga."

"In ya tafi fa?"

"Ya tafi. Kai ma ai wata guda na bar ka kana zagaye kafin na ɗauki wayarka, ka mutu?"

Ta jefo masa ƙullin dafaffiyar gyaɗa, ya miƙa hannu ya cafe, kwalekwalen ya yi rawa, ya yi sauri ya dafe gefensa. Ya yi dariya don kada ta gane.

"Zan leƙa bayan kwanar can ta sama, in ga ko sun taru a ƙarƙashin itatuwa," in ji ta. "Ka tsaya a nan. Abu biyu: angar da ke gabanka, ƙarfen nan na tsayar da jirgi, kada ka taɓa ta sai na nuna maka yadda ake ɗaurawa. In kuma ka ji jiniyar dam, ka ajiye komai ka nufi gaɓa. Sakin ruwa za su yi."

"To, malama."

"Ba wasa nake ba, kyakkyawa."

Ta tuƙa ta ɓace a bayan kwana.

Rana ta ɗaga, zafin Yuli ya sauka kan ruwan. Rigar ruwan nan mai hana nutsewa da ya ɗaure tamau tun asuba ta fara cin hamatarsa, gumi na bin bayansa. Tun a mashiga kawun Nadine, tsoho Virgil mai kwalekwalen, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yaro, teku za ka tsallaka ne? Ko dai ba ka iya ruwa ba?" Nadine ta yi dariya, amma ta ɗan dube shi, kuma kallon nan bai bar shi ba. Yanzu ya leƙa ƙasa. Ruwan garau yake, ga duwatsu nan ana gani, in ya tsaya ko ƙugunsa ba zai kai ba. Wa ke nutsewa a ruwan ƙugu? Ya cire rigar ya cusa ta ƙarƙashin robar da ke bayan kujera. Iska ta bugi ƙirjinsa, ya ji daɗi har ya ji kunyar tsoronsa.

Iskar ce kuma ta dame shi. Da ya saita kansa gaban ciyawar sai ta tura shi gefe, ya ajiye sandar fatsa ya ɗauki filafili, ya dawo, ta sake tura shi. A karo na uku ya dubi angar. Dunƙulen ƙarfe ne kawai mai yatsu huɗu da igiya, mene ne abin koyo a ciki? Ya jefa ta, ya ɗaure igiyar a mariƙin da ke gefen cinyarsa ta dama, ƙulli biyu, irin wanda yake yi wa buhun wasiƙu. Kwalekwalen ya tsaya cak. Ya ji kamar ya ƙirƙiro wani abu.

Ya jefa kwaɗon, ya sauka daidai wani ɗan fili a tsakiyar ciyawa. Ja ɗaya, ja biyu. Daga can sama jiniya ta fara kuka, doguwa, tana hawa tana sauka. A daidai lokacin kifi ya taso ya fasa ruwan.

Bai fizga ba. Shi kansa bai san dalili ba, wataƙila jiniyar ce ta raba masa hankali. Ya ga zaren yana tafiya gefe shi kaɗai, sannan wani nauyi mai rai ya sauko ta sandar ya shiga hannunsa. Ya ɗaga. Sandar ta lanƙwashe kamar za ta karye.

"Nadine!" ya yi ihu. "Nadine, na kama!"

Jiniya na ta kuka. Ya san abin da Nadine ta ce a kanta. Amma minti biyu ne kawai, ya gaya wa kansa, minti biyu ta dawo ta tarar da shi riƙe da kifi a hannu. Kifin ya yi tsalle, kore da fari, bakinsa zai ɗauki dunƙulen hannu, ya faɗa ya nutse cikin ciyawa ya maƙale. Odell ya ja, ya sassauta, ya sake ja. Bai lura da sanda jiniyar ta yi shiru ba.

Kumfa ya fara gani tana wucewa da sauri, da busassun ganye, da wani reshe. Ya leƙa ƙasa: babu duwatsu. Ruwan ya zama ruwan ƙasa, kuma da ya fantsamo masa a cinya sai ya ji shi da sanyin ƙasan dam. Ciyawar da yake jifa ta kwanta gaba ɗaya ta nutse.

Igiyar ta miƙe. Kwalekwalen ya juya ya ba ruwan gefensa, gefen dama ya yi ƙasa.

Ya saki sandar, ko kallon inda ta tafi bai yi ba. Ya jingina hagu da duk nauyinsa, ya kai yatsu kan ƙullin. Ƙullin ya jiƙe ya ɗaure kamar dutse, farcensa ya karye a kai. Ya ja igiyar ko angar za ta taso, amma ta riga ta kama wani abu a ƙasa, jan da ya yi ma sai ya ƙara nutsar da gefen, ruwa ya hau kan cinyoyinsa. Wuƙa. Nadine ta sa masa wuƙa a aljihun rigar ruwa. Ya fara juyawa a hankali don ya kai hannu baya, kwalekwalen ya karkata har ya ga ruwan a saitin fuskarsa, ya dawo da sauri yana haki.

"Odell!"

Ga ta nan ta fito daga kwana, ruwa na gudu da ita. Ta karkata ta shige bayan wata faɗaɗɗiyar bishiya kusa da gaɓa inda ruwan ya lafa, ta kama reshe da hannu ɗaya.

"A gefe ka ɗaure? Yanke! Yanke igiyar!"

"Wuƙar na cikin rigar!"

"To ina rig..." Idonta ya sauka kan ƙirjinsa, sannan bayan kujerar. "Ya Ubangiji. Shi ke nan, rabu da jirgin, na Kawu ne, ya ci gidansu! Faɗa ta hagu, ka bi ruwa ƙafafu a gaba. Ga tudun tsakuwa can ƙasa, iyo kaɗan ne!"

Ya dubi tudun. Ba nisa. Yaron da ya iya ruwa zai kai kafin a gama kiran sunansa.

"Odell, kifewa zai yi, igiyar ta naɗe maka ƙafa! Faɗa!"

Kuma ya yi tunanin faɗawar. Har ya ɗaga gwiwa ɗaya. Mutane suna cewa jiki yana koyon iyo da kansa in ya ga mutuwa. Wataƙila ya buga hannu ya buga ƙafa ya isa, ta yi masa faɗan anga, maganar ta wuce, ya ci gaba da zama mutumin da aka haifa a bakin kogi. Ya dubi ruwan da ke murɗawa a hagunsa, mai kauri, ba a ganin komai a cikinsa. Ƙafar ta ƙi tafiya.

"Ban iya ba."

"Me ka ce?"

"Ban iya iyo ba, Nadine! Ban taɓa iyawa ba!"

Bai taɓa ganin fuskar mutum ta mutu haka a tsaye ba.  Ta saki reshen, ta tuƙa sama ta bin gaɓa, filafilinta na haƙar ruwa, har ta wuce saitinsa da nisa. Sannan ta zaro wuƙarta ta riƙe tare da filafilin, ta juyo.

"Saurara da kyau!" Muryarta ta canza, ta zama ta wata wadda bai sani ba. "Sau ɗaya zan iya wucewa. In na yanke, jirgin zai zabura hagu, kai kuma kana jingine hagu. Da na ce yanzu, ka miƙe zaune a tsakiya. Ka ji?"

"In na daina jingina zai kife!"

"In ba ka daina ba ma zai kife. Dube ni. Kada ka dubi ruwa, ni za ka duba!"

Ta shigo tsakiyar kogin. Ya gane abin da take yi da haɗarin da ke ciki: in igiyar ta tare ta a gefe, su biyu za su kife. Ruwa ya kawo ta da gudu. Hancin kwalekwalenta ya hau kan igiyar, ya ji girgizar a ƙashin bayansa, gefensa ya nutse har ruwa ya kai masa cibiya. Ta kwanta gaba, ta miƙa hannu. Sara ɗaya, igiyar ba ta rabu ba. Nata jirgin ya fara juyawa.

"Nadine!"

"Yanzu!"

Ya miƙe zaune. Duk jikinsa yana ce masa a'a, ya miƙe. Wani abu ya yi ƙara kamar bulala, duniya ta wuntsila hagu, ta tsaya a kan gaɓar faɗuwa, ta dawo. Sai ga shi yana tafiya, yana juyawa a hankali kamar ganye, bishiyoyi na zagaya shi. Ta biyo shi ta sa hancin jirginta a bayan nasa tana turawa, har ya ji tsakuwa ta kankare ƙasan robar.

Da rarrafe ya fita. Ya durƙusa kan tsakuwa ya yi amai, gyaɗar ta dawo duka.

Nadine ta ja jiragen biyu sama ta zauna ta ba shi baya. Tafin hannunta na jini inda igiyar ta goge shi. 

"Da faɗawa za ka yi," ta ce ba ta juyo ba. "Na ga gwiwarka. Da ka mutu a gabana, ni ce na ce ka faɗa, don kawai kada ka buɗe baki."

"Kin ce in na yi miki ƙarya mun gama."

"Na ce."

"Na so in gaya miki tun..."

"Rufe mini baki, Odell."

Ya rufe. Ta goge fuska da bayan hannu, ta tashi ta fizgo rigar daga bayan kujera, ta zura masa ita kamar ana sa wa akuya igiya. Ta ja maɗaurin farko har numfashinsa ya tsaya, ta ja na biyu.

"Tashi."

A bayan tudun akwai wani lungu inda ruwa ya kwanta. Ta kama shi a wuyan riga ta ja shi ciki, har gwiwa, har ƙugu. Sanyin ya sa haƙoransa kaɗawa.

"Kwanta da baya."

"Nadine, mun gama ko ba mu gama ba?"

"Ban sani ba. Kada ka sake tambayata yau." Idonta ja wur. "Amma ko da wace za ka zauna, ba za ka ƙara hawa ruwa a haka ba. Kwanta."

Ya kwanta. Ƙafafunsa suka bar ƙasa, wani ihu ya taso masa ya danne shi. Ruwa ya shiga kunnuwansa, ƙarar kogin ta koma can nesa. Yana ganin bakinta na motsi, faɗa take yi, ba ya jin ko kalma ɗaya. Hannunta kawai yake ji a ƙarƙashin ƙeyarsa, jinin tafin da ɗuminsa a cikin ruwan sanyi.