Naɗin Hannun Sahabi

"Alhaji, ka zo ka gan shi, jikin ya tsananta," in ji Fanna, tana tsaye a bakin ƙofa, mayafinta a karkace.

Alhaji Dikko ya ninke jaridarsa a tsanake. Shekara tara yana maƙwabtaka da mijinta Idrissa, mutumin Nijar, a hawa na huɗu na wani tsohon bene a titin Grand Concourse, can a ƙasar Turawa, suna musu kan tarihi kusan kullum. Amma makonni uku ke nan ko sallama ba ta haɗa su.

Asalin rigimar ranar sha bakwai ga Yulin 1976 ce, ranar da aka buɗe gasar Olamfik a Montreal. Ƙasashen Afirka fiye da ashirin sun janye, saboda an ƙi korar New Zealand, wadda 'yan wasanta suka je wasa ƙasar wariyar launin fata. Cikin waɗanda aka ce su tattara kayansu har da Sahabi, ƙanen Idrissa, ɗan dambe mai shekara talatin da ɗaya, wanda ya shekara huɗu yana shirin wannan rana. A kan matakala Dikko ya ce janyewar daidai ce, jinin yaran da aka kashe a Soweto ya fi lambar tagulla tsada. Idrissa ya tofar da yawu kusa da takalminsa.

Ɗakin Idrissa yana warin magani, fanka tana kaɗa zafin Agusta. Idrissa na kwance, ciwon hanta ya cinye shi. Sahabi, wanda ya biyo bas daga Montreal, yana zaune a ƙasa kusa da jakarsa.

"Mi ya kawo wanga mutum?" Idrissa ya ce da ƙyar. "Ka taho ka ga ko na mutu, malamin takarda?"

"Dubiya na zo, Malam Idrissa."

"Riƙe dubiyarka. Ku masu ofis, da alƙalami kuke kashe mutum. Ka taɓa shan naushi? Mu Nijar da muka ci tagulla a Munich, shekara ta saba'in da ɗaya..."

"Da biyu," Dikko ya ce, tun kafin ya iya kame bakinsa. "Kuma mu mun riga ku, a Tokyo, sittin da huɗu."

"Alhaji!" Fanna ta ce.

Idrissa ya yunƙura ya ɗaga yatsa. "Ku shaida. In na cika, kada hannun wanga shi taɓa gawata. Wasiyya ce."

Da la'asar ya cika.

Washegari da hantsi Sahabi ya ƙwanƙwasa ƙofar Dikko, bai yi sallama ba. Kamfanin jana'iza ya ba su ɗaki na awa ɗaya. In ba su wanke Idrissa da kansu ba, ma'aikatan za su shirya shi irin nasu. Liman ya yi tafiya. Sauran dattawan da suka san wankan gawa sun tafi gida hutu. Dikko kaɗai ya rage.

"Ban zo roƙonka ba," in ji Sahabi. "Matar Yaya ta aiko ni."

"Ka ji wasiyyarsa da kunnenka. Ba zan karya ta ba, ko da ta cin mutuncina ce."

"To, arna su wanke shi ke nan?"

Dikko ya daɗe yana kallon manyan hannayen mutumin, masu tabo a gaɓɓai.

"Hannuna ya hana. Bai ce komai a kan bakina ba. Ka taɓa yi wa mamaci wanka?"

"Ban taɓa ba."

"Yau za ka yi. Ɗauko jakarka."

Ɗakin wankan yana ƙarƙashin ƙasa, da teburin ƙarfe da famfo da fitila mai ƙara. Dikko ya tsaya taku uku daga teburin, ya harɗe hannayensa a baya.

"Rufe shi daga cibiya zuwa gwiwa. Ba a taɓa al'aurar mamaci da hannu tsirara, sai ka naɗa ƙyalle."

Sahabi ya duba ko'ina, babu ƙyalle sai likkafani. Ya buɗe jakar, ya fito da farin bandejin da 'yan dambe ke naɗawa kafin su sa safar hannu, sabo, ko takardarsa ba a yage ba.

"Na Montreal ne," ya ce, bai dubi Dikko ba. "Yaya ya aiko min da shi. Har yanzu kana cewa janyewar daidai ce?"

"Har yanzu."

"Allah ya isa."

"Na ji. Fara da dama. Alwala tukuna, kamar ta salla. A hankali, ba abokin karawarka ba ne."

Sahabi ya naɗa bandejin a hannun hagu, daga wuyan hannu zuwa tsakanin yatsu, yadda ya saba. Dikko yana faɗa, shi yana yi: ruwa, sabulu, ruwa, na ƙarshe da kafur. Sau ɗaya kan Idrissa ya karkata zai bugi ƙarfe, Dikko ya yi taku ɗaya, hannunsa ya fito, sannan ya mayar da shi baya.

"Tallafe masa kai," ya ce.

Da aka ɗaure likkafani, Sahabi ya warware bandejin, ya matse shi, ya rataye a kan famfo, ya fita kiran masu ɗauka. Dikko ya tsaya inda yake, hannuwansa a baya, yana kallon ruwan da ke ɗiga daga bakin ƙyallen zuwa siminti.