Bulala Mai Kamu Uku

Tun daga tsawon da aka faɗa Baduku ya san akwai wata a ƙasa. Shekara arba'in yana yanka fata, ya san bulalar shanu doguwa ake yi, mai faɗin baki, don ƙararta ake so, ba zafinta ba. Amma ɗan yayarsa, direban nan mai sanyin murya, ya tsaya a ƙofar shago ya ce kamu uku kawai.

"Kamu uku? Wane irin sa ne wannan, a aljihu kake kiwonsa?"

"Kai dai Kawu, yi mini. Siririya, a kitsa bakin."

Baduku ya ajiye wuƙa. Ya nuna abin da ke rataye a bango ɗaya bayan ɗaya. "Waccan ta jaki ce, fatar akuya, sai ihu ba cizo. Wannan dorina ce, ko da yake sunan ne kawai ya rage, ƙirgin sa ne, rabon da in ga fatar dorina tun ina da haƙora. Tsumagiya kuwa ba a sayenta, a bishiya ake karyowa. Wadda kake faɗa ba ta dawa ba ce. Ta ɗaki ce, inda rufi ke hana hannu ɗagawa. Wa za a daka?"

Direba ya dubi takalminsa.

"Ba duka ba ne, Kawu. Magani ne."

"Maganin wa?"

"Umma."

Umman nan ita ce yayar Baduku, wadda ta goya shi. Tun bara ta fara mantuwa. Takan fita neman mijinta da ya rasu tuntuni, takan kira jikokinta da sunan matattu.

"Mai magani ya ce ba ita ba ce a jikin," in ji Direba. "Ya ce wanda ya shige ta ne zai ji zafin, ita ko alama. Kowa ya san haka ake yi."

"Kowa ɗin, wa ya taɓa kwantawa aka gwada a bayansa? Tsufa ne, ɗan nan. Fatarta yanzu ko farce ya taɓa sai ta tsage."

"In ba za ka yi ba, ba faɗa. Akwai wayar wuta a mota. Na dai ga fata ta fi mutunci. Bayan la'asar mai maganin zai zo."

Ya faɗe shi a hankali, ba fushi, kamar mai maganar canjin taya. Wannan ne ya fi tsorata Baduku.

"Je ka. Ni zan kawo da hannuna."

Motar na tashi ya ja ƙofar shago, ko kayan da ya shanya bai kwashe ba. A gidan Direba ya tarar da ɗakin Umma da kwaɗo, makulli yana aljihun Direba. Matar gida ta gaishe shi, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

"Yaya," ya ce ta jikin ƙofa.

"Auta? Kai ne? Sun ce yau za a yi mini baƙo. Ka ce su ba ni ɗankwalina mai kyau."

Baduku ya cire takalmi, ya zauna ya jingina bayansa da ƙofar, ya miƙe ƙafafu ya tokare bangon da ke gabansa. Yana nan zaune har aka idar da la'asar. A waje babur ya tsaya, aka kashe shi, wani ya yi sallama da murya mai daɗi.