Fentin Bahago

Mai Kunne ake ce masa, kuma sunan bai zo a banza ba. Shekara talatin da huɗu yana gyaran tsofaffin motocin tsere, irin gajerun nan masu kujera biyu da dogon hanci, waɗanda masu su ke lallaɓawa fiye da yadda suke lallaɓa 'ya'yansu. Irin waɗannan motoci kafireto biyu gare su, kuma dole kowanne ya ja iska daidai da ɗan'uwansa, in ba haka ba injin ya riƙa tari yana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Sauran makanikai da ma'auni suke daidaita su. Shi kuwa guntun tiyo ne da shi: ya kara gefe ɗaya a bakin kafireto, ɗaya gefen a kunnensa, ya lumshe ido ya saurari hucin iskar, ya ɗan murɗa sukuru, ya koma ɗayan. In ya ɗago ya ce shi ke nan, to shi ke nan ɗin ne. In ka kawo masa zancen ma'auni, kallon da zai yi maka kaɗai ya isa ka nemi hanyar waje.

Shi da ƙanensa ne a garejin, wanda har yau da furfurarsa Auta ake kiransa. Auta ne mai aikin ƙarfi. Shi ke sauke inji, ya wanke fistin, ya zuba ringi, ya ɗaure komai ya mayar. Amma saitin ƙarshe na Yaya ne, ba a taɓa musu a kan wannan ba. In Mai Kunne ya gama, sai ya tsoma tsinken ashana a ɗan gwangwanin fenti rawaya, ya ja layi daga kan kowane sukuru zuwa jikin kafireton, don in wani mai karambani ya taɓa, layin ya goce a gani.

Layin nan ne ya tona asiri. Wata Talata Likita, wanda ya fi shekara ashirin yana kawo musu aiki, ya bar koriyar motarsa a yi mata juyen baƙin mai. Wata uku ke nan da suka sake haɗa mata inji. Mai Kunne ya ɗaga bonet don ya gaisa da aikinsa, sai idonsa ya tsaya a kan fentin. Layukan suna nan, ba su goce ba. Sai dai shi bahago ne, layinsa kullum hagu yake karkata. Waɗannan kuwa, duka huɗun, dama suka karkata.

Ya zaga wajen sauran motoci biyun da ke jiran masu su, waɗanda da hannunsa ya saita a makon nan. Su ma dama. 

Washegari ya ce wa Auta koriyar tana son a ɗan taɓa saitinta. Ya sa tiyo a kunne, ya lumshe ido yadda ya saba, sannan da gangan ya murɗa sukurun kafireton gaba zagaye ɗaya da rabi, ɓarnar da ko wanda jiya ya fara riƙe sufana ba zai yi ba. Injin ya shiga rawa har madigadi na kaɗawa a ƙarƙashin tafin hannunsa. Ya ɗago ya dubi ƙanensa.

"Ya ka ji ta?"

"Sumul, Yaya," in ji Auta da ƙarfi. "Sai kai!"

Wannan ta fi fentin ciwo. Ya ja layukansa, ya wanke hannu, ya ce ya tafi cin abinci. Bai je ko'ina ba. A bencin mai faci da ke bayan kwana ya zauna na ɗan lokaci, sannan ya dawo ta ƙofar baya, inda suke jibge matattun injina.

Auta na sunkuye a kan koriyar, injin na aiki. Ga tsumma a kan madigadi duk ya yi rawaya, ga gwangwanin fenti a buɗe. A hannunsa kuma ga ma'auni, wani ɗan abu mai bututun gilashi da ƙwallo a ciki, ya kafa shi a bakin kafireto yana kallon inda ƙwallon ya tsaya. Mai Kunne ya miƙa hannu ya kashe motar.

Auta ya ɗago ya yi tsuru-tsuru. "Yaya, ashe ba ka tafi ba."

"Tun yaushe?"

"Ka zauna tukuna, Yaya."

"Kada ka zaunar da ni. Tun yaushe?"

"Shekara biyu. Da ɗan wani abu."

"Mota nawa?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Duka."

Daga nan bakinsa ya buɗe, ya yi ta zuba. Wai akwai wata shuɗiyar mota da aka dawo da ita sau biyu a wata ɗaya, mai ita ya ja shi gefe ya ce zai kai wani wuri. Auta ya duba ya ga saitin ya kauce nesa. "Kunnenka ya fara nauyi, Yaya. Siririn hucin nan ba ka kama shi kamar da. Wallahi na so in faɗa maka, sau nawa ina zuwa da maganar a bakina, in na kalli fuskarka sai in kasa."

"Sai ka ga gara ka mai da ni hoto. Ina lumshe ido ina murɗe-murɗe kamar wani gwani, kai kana tsaye kana jira in tafi cin abinci."

"Sunanka nake karewa."

"Na ce ka kare min? Wa ya sani bayan kai?"

Auta ya kau da kai.

"Likita ya sani?"

"Shi ya sayo ma'aunin."

Mai Kunne ya dafa jikin motar. Likitan da in ya zo karɓar mota sai ya kira duk wanda ke kusa ya ce a zo a ji aikin kunne.

"Sai wa?"

"Yaya, ya isa haka."

"Na ce sai wa?"

"Matarmu ce ke kirana a waya in ka taso daga gida, don in kwashe kayan."

Mai Kunne bai san lokacin da ya fizge ma'aunin ya wurga shi cikin duron baƙin mai ba. Ya miƙa hannu ya ce a ba shi makullin garejin. Auta, ƙaton mutum mai jikoki, ya ciro makullin yana hawaye ya ajiye masa a kan benci.

A gida matarsa ba ta musa ba. Tana ninke kaya ta ce, "Tausayinka muka ji, Baban yara. Aikin nan shi ne ranka." Tausayi! Sai yanzu ya gane dalilin ƙarin abincin da take tura masa kullum da rana, da nacin da take yi ya ɗan kishingiɗa kafin ya koma. Shi a zatonsa tsufa ne ya ƙara mata son sa. Ashe gadi aka ba ta. Ya kuma gane abin da ya sa kowa ke ɗaga murya in zai yi masa magana, abin da ya ɗauka rashin tarbiyyar zamani ne. Nauyin kunne bai ba shi haushi ba, wannan na Allah ne, ana tsufa. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne mutum uku, waɗanda ya fi yarda da su a duniya, sun zauna sun yanke cewa ba zai iya ɗaukar gaskiya ba, suka yi shekara biyu suna tafa masa.

Kwana uku ya yi shi kaɗai a garejin, ƙofa a rufe. Ya kwance kafireto biyun na koriyar ɗaya bayan ɗaya, ya jera kayan cikinsu a kan farin ƙyalle, ya wanke kowane ɗan rami da fetur, ya hura, ya duba a hasken taga, ya mayar. Wannan duk aikin ido da yatsa ne, kuma su ba su ci amanarsa ba. Da ya zo kan saiti ya tayar da injin, ya sa tiyo a kunnen hagu, ya sauya zuwa na dama. Yana jin huci. Na gaba da na baya kamar daidai suke. Ya sake saurara, kamar na baya ya fi kauri. Ya murɗa kaɗan, ya mayar, ya sake murɗawa. Abin da yake gamawa kafin shayi ya huce, ranar ya ci masa safiya guda. A ƙarshe ya rufe bonet, ya shiga motar ya kai wa Likita har gida da kansa.

Likita ya fito da silifas, ya yi mamakin ganinsa shi kaɗai amma bai tambaya ba. Ya zauna ya tayar da motar, ya karkata kai, ya ɗan taka totur ya saki. Fuskarsa ta washe.

"Kai, Mai Kunne! Hannunka daban ne. Ji yadda take numfashi!"

Abin da yake faɗa ke nan duk zuwa, har da yadda yake buga sitiyari da tafin hannu.

Mai Kunne ya matso ya dafa ƙofar motar. "Likita, na san komai. Ba Auta a wannan, ni kaɗai na yi. Don girman Allah ka faɗa min gaskiya."

Likita ya dube shi da idon nan nasa na mutumin kirki.

"Gaskiyar ke nan. Ta yi daidai."

Mai Kunne ya daɗe yana kallon fuskar. Yana iya yiwuwa gaskiya ce. Injin na aiki taku biyu daga inda yake tsaye, bai san ko ya gyara shi ko ya ɓata shi ba, kuma a cikin duk masu ƙaunarsa babu ko ɗaya da ya rage wanda zai tambaya ya yarda da amsarsa.