Tabarmar Fanus

Fanus ya rasu ana tsakiyar saran rake, kuma da ya san abin da mutuwarsa za ta jawo wa matarsa, na rantse da ya daure ya ɗan jinkirta. Mutum ne da ko akuyar wani bai taɓa kora da tsawa ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ya juya fuska bango, shi ke nan. Da yake ƙauyenmu ba coci, aka kai shi cocin da ke cikin gari aka yi masa addu'a, aka binne shi a gindin dutse. Matarsa Damyana, wadda kowa ke kira Ummu Gattas, ta dawo ta shimfiɗa tabarmar makoki a ɗakin da ya cika, ta zauna.

Ita wannan tabarma ba a naɗe ta sai rana ta uku. A ranar ne Abuna, limamin coci, yake zuwa gida da turare da ruwa, ya yi addu'a, ya yayyafa wa ɗakin, sannan a ɗauke tabarma, ran mamaci ya kama hanyarsa. Kafin nan yana cikin gida yana jira. Masu ilimin coci za su ce maka ba haka ba ne, wai addu'ar ta masu rai ce don su sami sanyin zuciya. To, su je su gaya wa tsofaffin matanmu mana.

Rana ta uku Abuna Sedrak ya taso a motar haya. Kafin ya iso kan gada wani ɗan baƙin ciki ya riga ya baza cewa gidan Fanus za a mayar coci a ɓoye. Samari suka tare gadar, duwatsu suka tashi, gilashin mota ya tarwatse. Tsohon ya koma da jini a gemu. Da samarin suka ga ba su huce ba, suka zo suka cinna wa rumfar saniyar Fanus wuta.

Sai aka yi abin da aka saba, zaman sulhu a zauren Umda, mai garin. Aka sha shayi, aka sumbaci kawunan juna, aka ce duk 'yan'uwa ne. Hukuncin da ya fito shi ne kada limamin coci ya sake shigowa ƙauyen har sai hankali ya kwanta. Wanda aka jefa shi aka hana zuwa, waɗanda suka yi jifan kuwa suka koma gida cin abincin rana.

Gattas, ɗanta tilo, ya dawo daga zauren idonsa jajir.

“Umma, tashi in naɗe tabarmar nan. Ba mai zuwa.”

“Ka taɓa ta ka gani. Ubanka yana ɗakin nan, za ka kore shi ba sallama kamar ɓarawo?”

“To sai yaushe?”

“An ce sai hankali ya kwanta. Zai kwanta.”

Ta ɗauka maganar mako ce, ko wata. Aka gama saran rake, sabo ya tsiro, aka sare shi, tabarma na nan. Da ta hau bayan a-kori-kura ta je coci a gari, Abuna Sedrak da kansa ya ja ta gefe.

“'Yata, na yi wa Fanus addu'ar nan a cikin coci, a gaban bagade. Ubangiji ba ya bukatar in tsallaka gada kafin ya ji. Ki ɗauke tabarmarki.”

Ta sumbaci hannunsa. “Abuna, a gaban bagade ya mutu?”

Tsohon ya ƙyale ta, don ya san irin kan matan ƙauyenmu.

Duk bayan kwana biyu sai ta yafa baƙin mayafinta ta tsaya a ƙofar zauren Umda.

“Ranka ya daɗe, hankali ya kwanta?”

“Saura ƙiris, Ummu Gattas. Ki ƙara haƙuri.”

“Na gode, Allah ya ƙara girma.”

Har abin ya zama abin dariya. Yara suna binta a lungu suna rera “hankali ya kwanta, hankali ya kwanta,” suna jifanta da ɓawon rake. Sau da dama ta wayi gari ta tarar an shafe gicciyen da ke kan ƙofarta da kashin shanu. Ta ɗebo ruwa ta wanke. Ranar da ruwan ban gona ya zo kansu, sai a karkatar da shi wata gonar, wakensu ya bushe a tsaye. Abin yana yi mata ciwo ƙwarai, kada wani ya ce maka ba ya yi. Akwai ranakun da take shiga ɗaki ta toshe baki da mayafi ta yi kuka har haƙarƙarinta ya yi tsami.

Gattas ne ya kasa. Wata safiya ya ɗauko adda zai fita, ta tsaya a bakin ƙofa.

“Matsa, Umma. Kunci nawa gare mu da za mu yi ta juyawa? Na dama sun mara, na hagu sun mara, saura wanne?”

“Saura na uwarka. Fara da shi, sai ka wuce.”

“Ke har addu'a kike yi musu, ina jinki!”

“Da daɗi nake yi? Kamar haɗiyar ƙaya nake yi. Amma wanda aka rataye a kan gicciye dominmu bai ce sai in da daɗi ba. Ajiye addar nan.”

Ya ajiye. Bai daɗe ba ya tattara matarsa suka tafi Alƙahira neman aikin gini. Ya roƙe ta ta bi su har da hawaye. Ta ce in ta tafi, wa za ta bar wa ubansa?

Daga nan gida ya rage ita da Fanus. Da safe in ta kai kwaɓin gurasa kan soro ya sha rana, sai ta sauko ta zauna gefen tabarma da kofin shayi, ta ba shi labari. Saniya ta haihu. Surukarka ta yi waya, har yanzu ba ta iya gaisuwa ba. Gwiwata ta dama ta fara irin taka. In ta dawo daga zauren Umda kuwa, sai ta sassauta murya. “Ka ƙara haƙuri, Abu Gattas. Na san ka gaji. Waɗanda suka mutu bayanka duk sun isa, kai kana nan tsare da ni. Saura ƙiris, in ji shi.” Tausayinsa ya fi komai cin ranta.

Maƙwabciyarta Hajiya Sakina, wadda suka yi amarci shekara ɗaya, ita kaɗai ke shigowa ba sallama biyu.

“Ke dai Fanus ya ga ta kansa. Yana raye kin cika masa kunne, ya mutu ma ba ki bar shi ya huta ba.”

“Naki mijin ai da gudu ya tafi, ko waiwaye bai yi ba.”

Su yi dariya, Hajiya ta goge ido. Jikan Hajiya yana cikin waɗanda suka tare gada, su biyun sun sani, ba wadda ta taɓa ɗaga maganar.

Shekaru suka tura. Tabarma ta yi baƙi, gefenta ya zare, Damyana ta bi shi da zare da allura. Abuna Sedrak ya rasu bai sake ganin gadar ba. Ranar da labarin ya zo, Hajiya Sakina ta ja hannun Damyana har cikin zauren Umda, inda mata ba sa shiga.

“Kai Umda, na san ka tun kana yawo ba wando. Hankalin nan naka na wace irin dabba ne da ba ya kwanciya? Matar nan ta tsufa a ƙofarka. Ka ji tsoron Allah, kai ma akwai ranar da za a shimfiɗa taka.”

Umda ya yi ta murza carbi. Can ya ce to, limamin coci ya zo. Amma ba da baƙar riga ba, ba hula, ba turare, ba ɗaga murya, kuma ta hanyar gonaki da rana tsaka lokacin da kowa ke barci.

Da Gattas ya ji a waya ya ce wannan wulaƙanci ne, kada ta yarda. Ta ce ta gode wa Allah.

Wanda ya zo sabon limami ne, Abuna Yustus, ɗan saurayi. Ya shigo cikin jallabiyar manoma da ta yi masa gajarta, ya naɗe gemunsa da rawani kamar mai ciwon haƙori, littafinsa a ƙasan kwandon albasa. Kunya ta hana shi haɗa ido da ita.

“Uwata, ki gafarce mu. Yaya sunan mamacin?”

“Fanus,” ta ce. “Fanus ɗan Sawiris. Yana jinka.”

Ya fara da godiya ga Allah, yadda kowace addu'armu take farawa ko a kan gawa, cikin raɗa kamar mai gulma. Ya yayyafa ruwa a kusurwoyi, ya yayyafa mata a ka. Kafin shayin da ta ɗora ya tafasa an gama. Ya sunkuya zai ɗauki tabarma, ta ce a'a. Ta durƙusa da gwiwar nan tata, ta naɗe da hannunta a hankali, ta jingine a bango.

“Tashi ka tafi, Abu Gattas. Ka yafe mini jinkirin. Ka gaida Abuna Sedrak.”

Limamin ya ɗauki kwandonsa ya bi ta cikin rake. Damyana ta raka shi bakin gona, ta dawo da saurinta, zuciyarta wasai, dariya na cinta. Ta zuba shayi ta shiga ɗaki.

“Kai, Abu Gattas, ka ga yadda suka naɗe masa gemu kuwa? Ni da na gan shi na ɗauka mai sayar da...”

Ta tsaya. Ƙasan ɗakin fari fat inda tabarma ta tashi. Ta dubi kusurwar nan, ta dubi waccan. Ita da kanta ta sallame shi, kuma ya tafi.

Ta zauna a ƙasa da kofin a hannu, ta yi alamar gicciye, ta buɗe baki za ta ce na gode, Ubangiji. Sai da ta gwada har ta gaji kafin maganar ta fito.