Wa Zai Fito da Kyaftin Daga Kogo?

Da safe agwagwa, da rana agwagwa. Da yamma in mai aski ya dawo daga shago yana karkaɗe gashin mutane daga wuyan rigarsa, agwagwar ce dai zai tarar a talabijin, sanye da jan takalminta, tana koya wa yara ƙirga daga ɗaya zuwa uku. Bai taɓa jin ta kai huɗu ba. Auta, 'yarsa mai shekara uku, takan manne da gilashin tana tsalle kamar yau ta fara ganinta.

Ba Auta ce damuwarsa ba. Wanta ne, yaron da kowa ya koma kiransa Yaya tun ranar da aka haife ta. Shi ma da yana da nasa shirin a tashar yaran, na wani Kyaftin mai jirgin ƙarƙashin ruwa, ana sa shi bayan an tashi daga makaranta. Ranar ƙarshe jirgin ya maƙale a cikin kogo, ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, aka ce sai gobe. Da gobe ta yi, sai ga agwagwa.

Da farko yaron yakan jefar da jaka ya ruga falo. Daga baya ya daina rugawa. Sai ya zauna a hannun kujera yana ɓare fatar takalminsa. Rannan mai aski ya ga ya ɗauki rimot ya miƙa wa Auta ba tare da an ce ya ba ta ba, ya ce a hankali, "Ungo. Ai komai naki ne."

Maganar ta tsaya wa mai aski a ƙirji. Ya samu matarsa tana ninke kayan wanki ya zayyana mata: yaro ya daina magana, yaro yana ganin an ture shi gefe, irin wannan ne ke girma da mutum har ya zama ba ya gaida kowa. Ta ci gaba da ninkewa, ta tuna masa cewa shi ne ya taɓa sungumar yaron nan zuwa asibiti saboda shaƙuwa, kafin su kai bakin titi ta tsaya.

"Baban Yaya, shirin talabijin ne fa."

Bai yarda ba. Washegari ya cire dikoda ya naɗe a tawul, ya kai wa Injiniya, mai gyaran kayan lantarki da ke maƙwabtaka da shagonsa. Ya yi masa bayani cewa na'urar ta sarƙe a kan agwagwa, wataƙila ƙura ce ta shiga, a buɗe a hure.

Injiniya bai ko taɓa sukundireba ba. Ya nuna masa talabijin uku da ke kunne a kan kanta, na mutane daban-daban, ya murɗa kowanne zuwa tashar yara. Agwagwa uku suka fito, suna ƙirga tare.

"To, ko duk garin za mu hure?"

Da ya gama dariya ya ce shi dai a ganinsa masu tashar sun gane ƙananan yara ba sa gajiya da maimaici, kuma ga jakunkuna da robobin ruwa masu hoton agwagwa sun cika kasuwa. Kyaftin kuwa wa ya taɓa ganin hotonsa a jikin jaka? Mai aski ya tuna shi ma da hannunsa ya saya wa Auta jan takalmi irin na agwagwa. Injiniya ya ƙara da cewa ta bango yana jin shi kansa mai askin yana rera waƙar agwagwa in yana yi wa mutane gyaran fuska, har akwai wani dattijo da ya fita yana amshi.

Mai aski ya koma shago da dikodarsa a hammata. Duk yinin ranar yana aski yana tunanin jirgi a cikin kogo, da yaro a hannun kujera.

Ranar Asabar ya ce gashin Yaya ya taru, alhali bai taru ba. Ya tafi da shi shago, ya ɗora katako a kan kujera, ya zaunar da shi, ya ɗaura masa ƙyalle. Sai da ya kunna kilifa sannan ya gyara murya ya ce ai shi ya san yadda Kyaftin ya fita daga kogon nan.

Yaron ya ɗago ido ta madubi.

Mai aski bai taɓa kallon shirin ba sai a tsaitsaye, yana neman makulli ko yana ɗaura agogo. Ya fara da ƙarfin hali. Ya ce Kyaftin ya tara mutanensa, ya ce kowa ya riƙe hannun ɗan'uwansa. Suka ƙirga ɗaya, biyu, uku. Sai suka ce wa kogon don Allah, kogon ya buɗe. Da suka fito kowa ya wanke hannunsa da sabulu.

"Baba," in ji yaron, "wannan ai na agwagwa ne."

Wani direba da ke jiran layi ya rufe fuska da jarida, kafaɗunsa na rawa. Gumi ya keto wa mai aski. Ya ce to ai ruwa ɗaya suke shiga, ita da Kyaftin ɗin.

"Kyaftin ba ya cewa don Allah ga dutse. Kuma injinsa na hagu ya mutu tun a kashi na baya. Ka manta da dorinar ruwan da ke gadin bakin kogon?"

Mai aski ya amsa cewa lallai ya manta da ita. Ya tambaya yaya za a yi da ita.

Yaron ya fito da hannuwansa daga ƙarƙashin ƙyalle. Ya mai da mataji jirgi, kwalbar man gashi ta zama dorina, burushi ya zama mataimakin Kyaftin, wanda ashe matsoraci ne, kullum yana cewa za a nutse. Direban ya sauke jarida ya tambaya ko mataimakin yana da shagon aski. Yaron ya ce a'a, da gaske, ya ci gaba. Injiniya ya leƙo aron tsintsiya ya tsaya a bakin ƙofa, har ya kawo shawarar a haɗa wayar injin dama da na hagu, yaron ya ce masa ai a cikin ruwa wuta za ta ja su.

Mai aski bai ji muryar ɗansa ta yi tsawo haka ba tun da aka fara kiransa Yaya. Don kada labarin ya yanke, ya ci gaba da bin kan da kilifa, ya rage nan, ya daidaita can, ya sake dawowa. Kafin ya farga babu abin da ya saura sai ƙoƙon kai yana sheƙi. Jirgi kuwa ko rabin kogon bai kai ba.

A gida uwar ta dubi kan, ta dubi mijinta, ta tambaya ko yaron laifi ya yi. Yaya bai tsaya ba, ya wuce gaban talabijin inda agwagwa ke ƙirgarta, ya shafa kan Auta, ya shiga ɗaki neman fensir zai zana kogon. Daga can ya ɗaga murya:

"Baba, Asabar mai zuwa ma zan zo aski. Ba mu wuce dorina ba."

Mai aski ya amsa da to. Ya zauna ya cire takalmi, sai kuma fuskarsa ta canza. Matar ta san wannan fuskar, ta tambaye shi kuma mene ne. Ya sassauta murya ya ce yana tunani ne, anya gashin yaron nan zai tsiro kafin Asabar?