Sauran Kunyoyin Japhet

Joel ya sauka a tashar Zuru da jakar goyo, da malafa irin ta kanti, da kyamara rataye a wuya, da kuma wata ƙarya da ya kwana uku yana gyara ta: shi baƙo ne, ɗan yawon buɗe ido, duwatsu ya zo gani. Ƙaryar ta taso daga Kaduna, ta bi Kontagora da Rijau, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Abu ɗaya ne bai sa a lissafi ba, kunnuwansa.

Kunnuwan nan gado ne. Mahaifinsa, marigayi Saje Japhet, bai bar gida ba, bai bar fili ba, amma ya bar wa ɗansa kunnuwa biyu fanka-fanka da suke tsaye kamar a fareti. Ko malafar ba ta iya da su ba.

Ainihin abin da ya kawo shi kuwa, mahaifiyarsa ce, Monica. Shekara talatin da shida rabonta da ƙauyensu da ke gindin dutse a kan hanyar Ribah. A al'adar mutanensu, Lelna, mai son mace ba da baki yake nema ba, da ƙwanji ne. Zai yi wa uban yarinya noma damina bakwai, shi ake kira golmo. Japhet ya yi damina shida cif, ya ci ƙarfin ta bakwai, saura kunya goma sha ɗaya a huɗar ƙarshe, sai aka ce ana ɗaukar soja a gari. Ya jingine garma ya tafi da niyyar ya ga yadda ake yi, aka aske masa kai. Bayan wata biyu Monica ta bi shi ba sallama. Ubanta ya ce kada wanda ya taɓa sauran aikin sai wanda ya fara shi, kuma kada ta taka masa gida sai an gama. Tsohon ya rasu ba ta je ba, gona da maganar duka suka koma hannun yayanta, Dominic.

Yanzu Japhet ya shekara da rasuwa, likita kuma ya ce idon Monica ba zai kai baɗi ba. Ba ta taɓa cewa a kai ta gida ba. Sai dai tun bikin Ista ta haɗa kayanta a jaka ta ajiye bayan ƙofa, kullum da yamma tana zama ta fuskanci yamma, inda babu abin kallo sai katangar maƙwabta. Abin yana cin Joel a rai. Shi ya sa ya ce bari ya je a ɓoye ya ga fuskar kawun nan, ko ta saki ko har yanzu tana ɗaure, kafin ya kai tsohuwa a rufe mata ƙofa a gaban jama'a.

Wani ɗan kabu-kabu mai furfura a gemu ya tsaya a gabansa. Sunansa Justice, an rubuta a jikin tankin babur.

"Ina zuwa, oga?"

"Duwatsu nake son gani."

Justice ya dubi gabas, ya dubi yamma. Ko'ina dutse ne, kore shar saboda ruwan farkon damina.

"To ga su," ya ce. "Ka gama, ko da saura?"

Sai Justice ya ƙura wa kunnen Joel na dama ido, ya koma kan na hagu, sannan ya goge kujerar baya da tsumma.

"Hau."

Ba su yi nisa ba ya tsaya a wani kanti a bakin kasuwa, inda wata Madam Ngozika take sayar da komai, daga ƙusa har madara. Justice ya ce mata ga baƙo ya zo kallon duwatsu. Ta dubi kunnuwan, sannan ta kama hannun Joel ta juya tafin. Hannu ne na mai koyar da kwamfuta, laushi kamar na jariri. Ta girgiza kai, ta ɗauko safar hannu da man zafi da filasta ta zuba a leda.

"Me zan yi da waɗannan?" in ji Joel.

"Masu kallon dutse suna buƙata," ta ce. "Allah ya taimake ka, ɗana."

Joel ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce a ransa lallai mutanen karkara akwai karamci, kuma ga shi ba wanda ya gane shi.

Bai faɗi sunan ƙauye ba, Justice ma bai tambaya ba. Suka bi kwalta, suka sauka kan burji, suka ratsa wani rafi da ƙafa suna tura babur, suka wuce rumbuna da wata ƙaramar coci mai jinkar kwano. A bakin wata gona babba, dutse ya tokare mata baya, Justice ya kashe babur. Wani gajeren dattijo mai kaurin wuya yana duba dawar da ta fara tsiro. Joel bai taɓa ganin sa ba, amma goshin na Monica ne sak. Ba ko shakka, Dominic ne.

"Sannu da aiki, Baba. Ni baƙo ne."

"Baƙo," in ji Dominic. "Madalla. Mi kaz zo gani?"

"Duwatsu."

"Daga can an fi ganin su."

Ya wuce gaba, Joel ya bi shi har ƙarshen gonar. A nan kunyoyi suka tsaya cak, sai wani fili dogo siriri, ba huɗa ba shuka, ciyawa kawai ta lulluɓe shi. Dominic ya sa hannu a bayan wani dutse ya jawo garma. Ƙotar sabuwa ce, ƙarfen kuwa tsoho, an wasa shi yana ƙyalli.

"Baƙi na son hoto da garma," ya ce. "Riƙe."

Joel ya riƙe, har da gyara tsayuwa. Ba wanda ya ɗauki hoto. Dominic ya tafi gindin ɗorawa ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya ce daga can:

"Goma sha ɗaya ne."

A nan ne kunya, ba ta gona ba, ta rufe Joel tun daga kai har ƙafa. Ya gane tun daga tasha kowa ya san ɗan wane ne. To amma wanda ya hau ƙarya da wuya ya sauka a tsakiyar kasuwa. Ya ajiye kyamara, ya zura safar Madam Ngozika.

"Garma ba ta son safa," in ji Dominic.

Ya cire.

Wanda bai taɓa huɗa ba yana ganin ai ƙasa ce kawai ake juyawa. Joel ma haka ya ɗauka na tsawon taku goma. Daga nan ƙugunsa ya fara magana. Kafin rana ta take, tafin hannunsa ya yi bororo, kafin ta karkata bororon ya fashe. Ya gama kunya biyu. Dominic ya taso ya tsaya a kan ta biyun, ya bi ta da ido har ƙarshe.

"Wagga kunya ce ko sawun maciji?"

Ya bi ta da ƙafa ya baje. Aka tashi ranar farko da kunya ɗaya.

Washegari Justice ya ɗauko shi daga masaukinsa a cikin Zuru tun da sanyin safiya, ba tare da an kira shi ba. A gindin ɗorawa suka iske an ƙaru. Wasu tsofaffi uku sun zo da kujerunsu 'yan tsugunno, sun jeru kusa da Dominic. Justice ma ya jingine babur ya zauna, wai yau ba fasinja. Ba su yi wa Joel dariya ba, da ma sun yi da ya fi sauƙi. Sharhi kawai suke yi a hankali, irin na masu sayen sa.

"Ƙugun bai sauka ba."

"Amma akwai zuciya."

"Zuciya ba ta huɗa."

Da rana wata mata ta kawo kunu a ƙwarya, ta durƙusa ta ajiye, ta ce a ba baƙo mai kallon dutse. Joel ya sha da hannu biyu. Dutsen kuwa tunda ya zo bai ɗaga kai ya dube shi ba, ƙasa kawai yake gani da yatsun ƙafarsa. Ranar ya kai kunya huɗu, aka baje ɗaya.

Rana ta uku aka wayi gari da yayyafi. Ƙasa ta yi nauyi, tana manne wa garma. Filasta ta ƙare, ƙotar ta yi ja da jini. Joel ya lissafa: saura takwas, hutun da ya ɗauka a wurin aiki kuma jibi zai ƙare. Ya tuna jakar nan a bayan ƙofa. Ya tuna yadda a makon jiya uwarsa ta zuba gishiri a shayi, ta shanye ba ta ce komai ba don kada ya sani. Yana cikin haka ya ga Dominic ya taso yana nufo sabuwar kunyar da bai ko gama ba, da ƙafarsa ta bajewa.

Joel ya yi jifa da garma.

"Kawu!" Muryarsa ta fashe. "Mutumin nan ya mutu! Ya mutu bara, mun binne shi a Kaduna! Ita kuma idonta tafiya yake yi, so take ta ga dutsen nan kafin ya rufe. Ni Joel ne, ɗan Japhet, ɗan ƙanwarka Monica. Me kuma kake so?"

Dominic ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama, sannan ya sauke ta a gefe, bai taka kunyar ba.

"Au," ya ce. "Ashe ba baƙo ba ne."

Da ya sake magana, muryar ta yi ƙasa.

"Wane idon?"

"Duka biyun."

Joel ya zaci kawun zai ce a bari haka nan, ya isa. Sai dattijon ya sunkuya ya ɗauki garmar, ya share mata laka da gefen rigarsa, ya miƙa masa.

"To ka yi sauri."

Joel bai gama jin haushin wannan ba, sai ya ji motsi a bayansa. Tsofaffin uku sun miƙe, ƙasusuwa suna ƙara. Kowanne ya laluba cikin ciyawa a bayan kujerarsa ya fito da garma. Justice ma ya kwance tasa daga ƙarƙashin buhun da ke ɗaure a babur.

"Golmo ba a yin shi mutum ɗaya," in ji babbansu, yana tofa yawu a tafin hannu. "Da abokai aka yi. Mu munka fara aikin ga da Japhet. Kwana biyu muna jira ka faɗi ko kai wane ne. Ɗan yawon buɗe ido ba a taya shi."

Suka jeru. Ɗaya ya ɗauko wata waƙa da C'lela, harshen Lelna, sauran suka amsa, garmuna suna faɗuwa tare. Joel bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya san muryar waƙar, ita ubansa yake yi in yana goge takalmi. Mutanen da suka haura sittin suka bar shi a baya kamar yana tsaye. Kafin la'asar sun gama bakwai, suka koma inuwa suka bar masa ta ƙarshe.

Yana cikin ta ƙarshen ne ya lura da wani abu. Kwana uku yana sara a wurin nan, garma ba ta taɓa cin karo da kututture ko saiwa ba. Filin da aka bari shekara talatin da shida ai kurmi ya kamata ya zama. Da ya kai ƙarshe ya dafa ƙotar yana haki.

"Kawu, wa yake sassabe wurin nan?"

Dominic ya kau da kai.

"In mai aiki ya dawo, sai ya iske ƙaya?"

Sannan ya bi kunyar daga farko har ƙarshe, hannu a baya. Ta ɗan karkace a tsakiya. Ya gani, kowa ma ya gani.

"Ta yi," ya ce.

Waya ba ta kamawa sai a kan wani falalen dutse a saman gonar. Joel ya hau da rarrafe, kawun yana biye. Yatsunsa sun ƙi lanƙwasa, da ƙyar ya danna lambar mahaifiyarsa. Da ta ɗauka kuka ya zo masa, sai kawai ya miƙa wayar. Dominic ya riƙe ta nesa da kunne, kamar mai tsoron kada ta ƙone shi.

"Monica."

Ana jin numfashinta.

"Yaya?"

"Mijinki ya gama aiki. Ki taho."

Can muryarta ta fito, siririya, kamar ta yarinya.

"Dutsen yana nan?"

Dominic ya juya ya dube shi sosai, tun daga gindi har ƙololuwa, kamar yana son ya tabbatar kafin ya yi alkawari. Hawaye ya bi ta gefen hancinsa, bai share ba.

"Ina za shi?" ya ce. "Shi ma jira shikai."